Ranar da Kawu Ya Bar Bencinsa

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da Kawu ya tashi daga bencinsa ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikin kammalawata shi ne wata manhaja da ke sa wayoyi su riƙa miƙa wa juna saƙo ba tare da layin kamfani ba. Wannan ta ba maƙwabciyarta, ita ma ta ba ta gaba, manhajar ce ke zaɓar hanya. Na zuba ta a wayoyin masu shaguna da na 'yan zemijan, masu baburan haya na unguwarmu, Zongo. Ta Kawu kuwa don kunya kawai na saka mata, tunda ya miƙo.

Kawun nan ƙanin mahaifiyata ne, kuma tun ina goye yake zaune a kwanar da ta raba kasuwa da layin masallaci. Azahar ma a gefen bencin yake shimfiɗa buzu. Wata uku saƙonni na tafiya lafiya lau, kaina ya kumbura. Ana gobe malamina zai zo gwajin da zai ba ni maki, na ce a gaban jama'a duk Zongo kowa na motsi, har wayoyi, ban da Kawu. Aka kwashe da dariya.

Washegari a gaban malam na tura saƙo daga kasuwa zuwa layin masallaci. Shiru. Na sake, shiru. Gumi ya jiƙa mini gyale. Sai a lokacin na buɗe bayanan hanyoyin da girman kai bai taɓa barina na duba ba, na ga kowane saƙo ta wayar Kawu yake ratsawa. 'Yan babur shiga da fita suke yi, ita kaɗai ce kullum tana nan a kwanar, manhajar ta mai da ita gada. Na leƙa kwana, benci wayam.

Da layin kamfanin da nake yi wa gori na kira shi.

"Ina can unguwar Agoè, nesa da Zongo, 'yar nan," in ji shi. "Kin ce ba na motsi, to na motsa. Rezon naki, layin wayoyin da kika haɗa, bai biyo ni ba?"

Malam ya ƙara mini mako ɗaya. Kwana uku ina durƙuso ina roƙon Kawu ya koma zaman da na yi masa gori a kai, wallahi kunya kamar in nutse. Na ci jarrabawar yana gyangyaɗi a bencinsa.

Tun ranar, kafin in kira mutum marar amfani, sai na fara duba ko ta kansa saƙona ke bi.