Kendra a Hawa na Huɗu

Ranar da muka tare a ɗakin kwanan ɗalibai, kowa na fama da akwatuna, ni kaɗai na ga Kendra Vosberg, abokiyar ɗakina, ta juya kwalbar ruwan kurkure baki tana karanta bayanta. Mahaifinta ne ya sayo mata a hanya. Ta gama karantawa, ta mayar cikin leda, ta kai motarsa ta ajiye. Sai daga baya na gane akwai ɗan barasa a cikin irin wannan ruwan.

Hawa na huɗu aka ba mu, inda ba a shan giya ko taba ko wani abin maye. Mutum ne ke zaɓarsa da kansa a fom ɗin neman ɗaki, ya sa hannu cewa in aka ga kwalba a wurinsa, ko ba tasa ba ce, za a sauya masa hawa. Ni don gudun hayaniya na zaɓa.

Mahaifin Kendra, makanikin tarakta ne daga arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, ya karanta dokar da aka manna a ƙofa ya yi dariya.

"'Yar baba, jami'a na kawo ki ko gidan tsofaffi?"

"Karatu na zo yi, Baba."

"Mu ma mun yi karatun," in ji shi, ya ɗora mata ƙaramin firji a kusurwa.

Sai da muka yi sati uku sannan ta faɗa mini dalilinta na zaɓar wannan hawan, tana ninke kaya, ba ta kalle ni ba. Tana da shekara goma sha biyar ta fara sha, a garejin gidansu inda ake ajiye giya. A garinsu wannan ba abin magana ba ne. Ko an dawo daga jana'iza a mashaya ake haɗuwa. A ajin ƙarshe na sakandare har a gorar ruwa take zubawa ta tafi makaranta. A watan Janairu ta daina, kuma a gida ba wanda ya san ta taɓa yin nisa haka.

"Zan iya wucewa ta gaban mashaya," ta ce. "Amma ba zan iya zama ɗaki ɗaya da kwalba ba."

Asabar ɗin wasan ƙwallo na farko, da hantsi, wata 'yar garin su Kendra mai suna Brielle ta hawo daga hawa na biyu da jaka a baya. Tana sauke ta aka ji ƙarar kwalabe. Duk cikinmu ba wadda shekarunta suka kai na sha.

"Ƙawata, rufa min asiri. Mai kula da hawanmu yana zagaya ɗakuna yau. Ku nan wa zai bincike ku, waliyyai? Sa min a firji zuwa yamma."

Kendra ta tsaya tana kallon jakar. Ni kuwa na sunkuyar da kai kan littafi.

"Nawa ne a ciki?" in ji Kendra.

"Shida. Ɗauki ɗaya, ladan gadi."

Na ga hannun Kendra ya kai kan zif ɗin, ya ɗan jima a wurin, sannan ta janye shi ta sa a aljihu.

"Ba zan iya ba."

"Ke? Ke da kika koya min?"

"Wata takwas ke nan ban sha ba, Brielle. In kika bar ta nan, kafin ki dawo babu ko ɗaya. Gobe kuma a kore ni daga ɗakin."

Brielle ta fara dariya, sai ta ga fuskar Kendra, ta daina.

"Shi ya sa kika ƙi mu haɗa ɗaki? Ni na ɗauka girman kai ne ya same ki."

"Kada ki faɗa a gida."

"Wa zan faɗa wa? Babanki? Cewa zai yi sharri nake miki."

Ta saɓa jakarta ta fita. Tun daga ranar suna gaisawa a hanya, amma ban ƙara ganinsu a teburi ɗaya a ɗakin cin abinci ba.

Kendra ba ta je kallon wasan ba. Da ginin ya yi tsit, kowa ya tafi fili, ta tattara kayan wankinta ta sauka ƙasa, ta tarar da injinan wankin duka babu kowa, ta zuba farare daban, masu launi daban.