Sunaye Goma Sha Bakwai da Sista Ta Hana Manaja

Ƙarfe bakwai da rabi Sista take tsayuwa a gaban sito ta busa usur. Ita ce nas ɗin masana'antarmu ta sabulu, shekara ashirin da shida ke nan. Masu dako, akawu, direbobi, kowa sai ya fito ya miƙa gaɓoɓinsa na minti goma. Mai ƙaton tumbi kuwa takan tambaye shi yaushe zai haihu.

Shekara uku da suka wuce kamfani ya kawo wata manhajar kwamfuta. A ba ta shekarunka da nauyinka da awon jininka, ta tsara maka motsa jikin da ya dace da kai. Zuwanta ke da wuya ta ce masu dako su riƙa ɗaga ƙarfe, mutanen da ke wuni da kwali a ka! Sista ta ce manhajar ba ta da laifi, ba a sanar da ita ba ne. Wata huɗu ta yi tana zama da injiniyan da ya kawo ta, tana gaya masa mai ciwon gwiwa, da mai jego, da wanda zama ya ƙage wa baya, har tsarin ya dace da jikinmu.

Sai manaja ya gano manhajar na ware masu hawan jini, daidai lokacin da ake shirin rage ma'aikata. Mu goma sha bakwai ne, har da ni direba, mai 'ya'ya shida. Ya nemi sunayenmu. Masinjan ofis na tsaye Sista ta amsa masa.

"Ranka ya daɗe, don su samu lafiya na auna su, ba don a kore su ba. Ko suna ɗaya ba zai fita daga ɗakin nan ba."

Aka hana ta ƙarin girma, aka mayar da ita wani ɗan ɗaki bayan injin wuta. Ko gezau. Aka yi ragin bisa shekarun aiki, goma sha huɗu cikinmu muka tsira.

Sista, ke ce katangar da muka fake bayanta ba mu sani ba. Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya, an ce ba walima. Kada Allah ya sa su yi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma da aka ba amanar sirrin jikin mutane, ranar da babba ya miƙo hannu, ku dube shi ido cikin ido ku ce a'a.