Farin zanin gado

Har yau idan na ga farin zanin gado a kasuwar Longsight ta nan Manchester sai na kau da kai.

Abin ya faro ne a unguwar Selly Oak, ranar da muka kai wa abokin maigidana ziyara, wani likita ɗan Jos, Kirista. Muna cikin cin tuwo ya fito da waya ya nuna hoton wani dogon ƙyalle da ake ajiye da shi a Italiya. Wai likkafanin Yesu ne, ga alamar fuska da hannuwa a jiki.

"Haba likita," in ji maigidana, "an gwada ƙyallen nan a lab, ko rabin shekarun da kuke faɗa bai kai ba."

"Gefen da aka yi wa faci suka yanka! Kai da ko wandonka ba ka iya ɗinkewa, me ka sani a kan faci?"

Suka yi ta dariya. 'Yata mai shekara biyar tana manne da gwiwar ubanta, idonta a kan wayar. Ta tambaya da Turanci mene ne likkafani. Uban ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan kamar ɗalibarsa a uni: yadda ake kwantar da mutum, yadda ake rufe shi. Na harare shi, na yi gyaran murya. Ko kallona bai yi ba.

Bayan mun dawo Manchester, wata safiya ina wanke-wanke na ji flat ya yi tsit. Na leƙa ɗaki. Ga ta miƙe a ƙasa, farin zani ya rufe ta tun daga kai har ƙafa, ba motsi.

Ni na ga ƙanena a haka, a tsakar gidanmu, kafin maza su ɗauke shi. Ban san lokacin da na kurma ihu na fizge zanin ba.

Ta buɗe ido. "Mummy, kin ɓata! Fuskata ta fito?" Ashe ta shafa wa fuskar mai har tana ƙyalli, wai don ta kama a jikin zanin.

Na kira maigidana a waya. Dariya ya yi. "Kai, yarinyar nan 'yar kimiyya ce!"

"Kimiyya? Kai ka taɓa ɗaga zani ba ka san me za ka tarar ba? Ku da karatunku kun mai da likkafani abin hira a kan tuwo. Na gaske ne ko na ƙarya, mutum ake naɗewa a ciki!"



Ranar na kwashe fararen zannuwan gidan duka na kai shagon gwanjo, na sayo masu furanni. Da ya dawo ya tsaya yana kallon gadon, ya buɗe baki. Na ce, "Faɗi." Bai faɗa ba.

Ita kuwa ta shafa furannin ta ce a kan wannan fuska ba za ta fito ba. Na ce mata shi ya sa na saya.