Ranar da Verna Ta Fita da Ƙafa

Verna Dubicki ƙawata ce tun lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da maza suka tafi fagen daga aka kwashe mu mata aka zuba a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a Portland. Ni fenti nake yi, ita walda. Gajeriya ce, ga baki kamar reza, hannayenta duk tabon tartsatsi. Da aka gama yaƙi aka ce mun gode, ku koma gida, masu aikin sun dawo. Haka kawai fa, kamar an ari tsintsiya an mayar.

Ta auri Chester, mai aikin inshora, mutum mai irin kirkin nan da ke sa ka rasa inda za ka kama ka yi faɗa da shi. Suka sayi gida a sabuwar unguwa can bayan gari, ni da maigidana ma muka bi su. Gidaje iri ɗaya reras, ciyawa a gaba, ba kanti, ba bas, ko hanyar masu ƙafa ba a yi ba. Mota ɗaya ce a kowane gida, ita ma da safe take bin maigida ofis. Sai mu mata mu yini zagayen gidajen juna muna shan kofi, ana hirar sabulun wanki. Verna mai surutun nan takan zauna cikinmu tana ta murza zobenta kawai.

A 1956, yaranta biyu sun shiga makaranta, ta ji wani gareji a bakin babban titi yana neman mai walda. Ta buga waya. Mai garejin ya yi dariya, amma ya ce ta zo Litinin ya ga hannunta. Rabon da in ga Verna tana rawar jiki haka har na manta. Ta roƙi Chester ya sauke ta a can da motarsa, ya ce ba hanyarsa ba ce, kuma wai me ta rasa a gidan nan? Ga firij, ga injin wanki, ga talabijin. Ta ce masa ba ta rasa komai ba, aikin dai take so.

Litinin ta sa tsohon wandon aikinta, ta ɗaure kai, ta kama hanya da ƙafa tana bin gefen kwalta. A unguwarmu kuwa babba ba ya tafiya da ƙafa. Wata maƙwabciya ta hango ta ta taga, ta ce ba lafiya ba, ta kira 'yan sanda. Har yau in na tuna matar nan sai raina ya ɓaci.

Verna ta ce min har tana hango allon garejin motar 'yan sanda ta tsaya kusa da ita.

“Madam, maigida ne ya taɓa ki?”

“Aiki zan je. Ga wurin can.”

Ɗan sandan ya dubi wandon, ya dubi garejin, ya yi murmushin da ake wa yaro mai zazzaɓi. Ya ce titin nan da haɗari, ta shiga ya kai ta gida ta huta. Ta yi bayani, ta yi faɗa, faɗan ma ya ƙara tabbatar masa cewa ba ta cikin hayyacinta.

A kan idonmu aka sauke ta, kowa na bayan labule. Kafin la'asar mata sun fara kai mata abinci kamar gidan mara lafiya. Chester bai ko ɗaga murya ba. Kunya ce ta ishe shi, da tausayi, sai ya kai ta wurin likita, likita ya ce gajiyar ƙwaƙwalwa ce, ya rubuta mata ƙwayoyin kwantar da hankali.

Bayan sati na je na same ta a kicin, gida tsaf, gashi a gyare. Na ce ta tashi, ƙanena zai kai ta garejin a motarsa, wataƙila ba su ɗauki kowa ba tukuna. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zuba min kofi a hankali.

“Bar shi, Opal,” ta ce. “Likitan nan ya iya aikinsa. Yanzu ba na son komai.”