Direban da Majigi Bai Kai Gida Ba

"Inna, ki zauna mana, kina tare wa mutane," na ce, ina jan bakin zanenta. Ko kallona ba ta yi ba.

A Basirka ne, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, aka kawo majigi filin kasuwa. Fim ɗin labari uku ne a sarƙe: malamar asibiti, wani tela, da direban babbar mota. Duk sanda aka bar direban aka koma kan tela, sai Inna ta miƙe tana tsaki. Yayana Sale direba ne, shekararsa biyu da tafiya kudu, ko wasiƙa babu.

Malamar ta auri telan, aka tashi, ba a sake nuna direban ba. Inna ta kutsa har wurin mai majigi.

"Malam, shi direban ya isa gida?"

"Inna, ai nan fim ɗin ya ƙare."

"A wurinku ya ƙare. Shi ma yana da uwa."

Yaya Sale ya dawo wata huɗu bayan rasuwarta.

Har yau in ana irin wannan fim, hankalina na kan wanda aka manta. Ku fa, labarin wa kuke jira?