Isiyaku Shofer da Jiƙaƙƙen Buhu

Isiyaku taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, kuma tun muna ƙanana a garinmu Sarkin Hausa bai taɓa kirana Sha'ibu ba, sai dai "bawana". Ni na shiga lakkol, wato makarantar boko, na ƙare a magatakarda a wani biro, wato ofis, na Mayahi, ina riƙe da rajistar kayan aiki. Shi kuwa ya ajiye hauya yana da shekara goma sha shida, ya tafi tashar Tasawa ya zama aparanti, wato yaron mota. Daga nan ya hau kujerar shofer. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗauki gero da wake ya bi ta Damagaram da Tanut har Agadas, ya dawo da gishiri da dabino. Ƴaƴanmu sun tashi da sanin cewa in an ji odar motarsa sau uku a bakin gari, to akwai dabino a gida.

A watan Fabrairu na 2020 ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar da ke taka ambiriyaj, wato kuloci, in za a canza bitas, wato giya, don haka tuƙi ya ƙare. Ba a daɗe ba mai motar ya sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe. Isiyaku ya roƙi abu biyu kawai, kujerarsa da fatar da ke naɗe a bolan, wato sitiyari. Ya ajiye kujerar a zaurensa na Mayahi, ya zauna a kanta wata goma sha shida yana kallon titi. Ko tsokanata ya daina yi, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

A watan Yuni na 2021 ya je Maraɗi a auna masa ƙafar roba. Yana jiran motar komawa sai ya fake daga rana a wani shago inda samari ke wasa da ordinatar, wato kwamfuta. Ya ga ɗayansu riƙe da ɗan ƙaramin bolan, yana fama da wata doguwar kamiyo a kan ekaran, wato gilashin da ke nuna hoto, yana son ya mayar da ita baya ya kasa. Isiyaku ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce wa saurayin ko jaki ba a juya shi haka. Suka yi dariya suka ba shi wuri. Ya shigar da motar gurbinta a karo ɗaya. A nan aka gaya masa cewa motar wasa ba ta buƙatar ƙafar hagu.

Washegari ya zo biro da sandarsa, ya ajiye wata ƴar takarda a kan teburina.

"Bawana, karanta mini. Ai don irin wannan rana muka sa ka lakkol."

Mai shagon ne ya rubuta masa sunayen kayan da ake haɗawa su zama irin na'urar wasan nan. Na kwafe su a littafina, na kuma tambayi kuɗin sabuwa haɗaɗɗiya. Ya kai na shanun huɗa biyu. Da na faɗa masa, ya ce motarsa ma babu wani abu nata na asali sai lamba, amma ta kai Agadas sau ɗari. Yana da gona a Sarkin Hausa wadda ƙanen matarsa ke nomawa. Geron na gida ne, ba a taɓa shi. Waken kuwa nasa ne, sai ya yanke cewa kowace kaka wake zai sayi abin da zai iya saya.

A kakar farko muka yi sa'a, biro namu ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Ni na rubuta su ranar da suka shigo, ni kuma na soke su ranar da suka fita. Isiyaku ya sayi akwatin ordinatar ɗaya da ekaran da allon rubutu. Abin da ke cikin akwatin ya tsufa, sai ya kwashe shi, ya wanke ƙarfen, ya shafa masa shuɗin fenti irin na motarsa.

A kaka ta biyu muka san Muzammil, magidanci mai gyaran waya da ordinatar a kasuwar Tasawa. Shi ya sa aka taho mana daga Kano da babban allon da suke kira uwa, domin komai a jikinsa yake kamawa, tare da ƙwaƙwalwarsa, duka na hannu. Na'ura ta kunna, amma motar wasan tana tafiya kamar amalanke a cikin yashi, ta matsa ta tsaya. Muzammil ya ce sai da katin hoto, kuma shi kaɗai ya fi sauran kayan duka tsada. Isiyaku ya rufe akwatin da zane, ya jira shekara guda.

Damina ta 2023 ta yi wa gonarsa kyau. Ya sayar da waken, ya sayar da harawar, har da tunkiya ɗaya, aka sayi katin da akwatin wutar da zai iya ɗaukarsa. Ƴarsa Nafisa, wadda ke koyarwa a Urafane, ta aiko masa da bolan na wasa da abin taka wuta da birki, su ma na hannu. Ya zauna da basilla ya ɗinke tsohuwar fatar nan a jikin bolan ɗin.

Ranar Alhamis 14 ga Disamba aka haɗa. Muzammil ya zo a kan moto, wato babur, da hantsi, amma Isiyaku bai bar shi ya ɗaure ko kusa ɗaya ba. Sai dai ya nuna da yatsa, Isiyaku ya ɗaure. Da aka zo shafa man da ake sa wa ƙwaƙwalwa don kada ta yi zafi, Muzammil ya ce daidai ƙwayar wake ya isa. Isiyaku ya ce ai duk abin wake ne. Bayan azahar ya hau kujerarsa, ya gyara zama, ya duba madubin dama da na hagu a kan ekaran, ya karanta addu'ar tafiya, sannan ya tada mota. Matarsa Hamsatu tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Da ƙarar injin ta cika zauren, sai ta juya ta koma ciki tana share ido da gefen mayafi.

Watannin sanyin nan su nake yawan tunawa. Bayan la'asar dattawan unguwa kan shimfiɗa tabarma a bayansa su zauna kamar fasinja. Hanyoyin wasan na wata ƙasa ne mai ƙanƙara, babu rami ko ɗaya, amma Isiyaku ya raɗa wa garuruwan sunayen da ya sani. In ya shiga wani gari mai dogayen gine-gine sai ya ce ga mu a Tanut, mai sauka ya yi magana. Ba ya gudu, ba ya wuce mota a kan kwana, kuma in an kira salla sai ya nemi gefen hanya ya faka kafin ya tashi. Ni kuwa ya naɗa ni aparanti, ya ce bawa ba ya zama gaba.

Da bazara ta shigo, abu ya ɓaci. A watan Afrilu na 2024 na'urar ba ta minti goma sai ta mutu da kanta. Akwai wata lamba a gefen ekaran mai nuna zafin katin, na kuma riƙa rubuta ta: tana kaiwa casa'in da huɗu sai komai ya ɗauke. Muzammil ya ce maganinta ɗaki mai na'urar sanyi, abin da ko biro namu babu.

Isiyaku ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya ce shofer bai taɓa shan ruwan zafi a hanyar Agadas ba. Jarka ake naɗewa da buhun algarara, a jiƙa shi, a rataye a gefen mota, iska ta yi sauran aikin. Ya sa kafinta ya yi masa ɗan firam na katako, ya ɗaura buhu a jiki, ya tsayar da shi taƙi guda daga inda fankar na'urar ke jan iska. Muzammil ya ja kunne cewa kada ɗigon ruwa ya taɓa ƙarfen, aka kuwa kiyaye. Lambar ta sauko saba'in da uku. Hamsatu ta ɗauki aikin jiƙa buhun sau uku a rana, duk lokacin da take zuba wa yashin gindin randa ruwa. Har daga tasha shofarori suka riƙa zuwa kallon dabarar.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. A farkon Agusta Hamsatu ta ce buhun ya daina bushewa, har ya fara warin gumi, ko ta dakata? Ina wurin. Isiyaku ya ce a dokar hanya ba a barin buhun jarka ya bushe, kuma inji bai san damina ba, zafinsa daga ciki yake. Ni ma na gyaɗa kai, domin lambar tana nan lafiya a littafina. Babu wanda ya tuna cewa hanyar Agadas busasshiyar iska gare ta, mu kuwa danshi muke ta hura wa katin a kan danshi.

Ranar Litinin 19 ga Agusta ekaran ya yi baƙi, bai sake kawo hoto ba. Muzammil ya zo ya zare katin, ya nuna mana koriyar tsatsa ta bi ƙafafuwansa kamar a gindin tsohuwar butar tagulla. Ya ce zai wanke da alkol, ruwan da yake goge cikin waya da shi, amma bai yi alkawari ba. A makon ne kuma aka aiko daga Sarkin Hausa cewa ruwa ya kwanta a gonar, wake ya ruɓe.

Bayan mutane sun watse na ce masa ya yi haƙuri, wata kakar na tafe. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini ƙafar dama. Ta kumbura har gwiwa.

"Sha'ibu," ya ce, "ba ni da wata kakar da zan jira."

Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinsa.

Muzammil ya wanke katin da alkol da buroshin haƙori, ya ce dole ya bushe ƙarau har cikinsa kafin a gwada, ga shi kullum hadari. Hamsatu ce ta ce a ba ta. Ta ce irin waken da ake ajiyewa a tulu cikin yashi ba ya jin damina. Ta soya yashi a kasko, ta bar shi ya huce, ta naɗe katin da takarda da tsumma mai tsabta, ta binne shi a tulu, ta liƙe bakin da laka. Kwana shida yana ciki. A kwanakin nan Isiyaku bai shiga zauren ba.

Ranar Lahadi aka fasa tulun. Isiyaku ya mayar da katin da hannunsa, ya danna. Fanka ta juya, hoto ya fito. Amma wasu layuka biyu koraye sun tsaga ekaran daga sama har ƙasa a ɓangaren dama, ga ƴan ɗige-ɗige a kusa da su. Muzammil ya sunkuyar da kai.

"Baba, iyakar abin da zai yi ke nan. Wani wuri ya ci a ciki, ba ya gyaruwa."

Isiyaku ya matsa kusa, ya ƙura wa layukan ido, ya karkata kai hagu kaɗan kamar mai leƙen wani abu. Sai ya fara dariya.

"Shekara goma sha ɗaya gilashin motata yana tsage, tun da dutse ya buge shi a bayan Tanut. A daidai nan ma. Yanzu ta zama tawa." Ya juyo gare ni. "Bawana, me kake jira? Cire mini buhun nan, ka hau baya."

Wata shida da ƴan kwanaki ya ƙara yana tuƙi da tsagaggen gilashi. Bai kai ga wata bazarar ba. Ya rasu ranar 11 ga Maris na 2025, cikin azumi, a gidansa.

Bayan sadakar arba'in Nafisa ta ce a kunna a ga inda ya tsaya. Muzammil ya kunna. Motar tana fake a cikin tasha, daidai tsakiyar layi, an kashe inji, an ja birkin hannu, kuma an sauke kaya. Ban yi mamaki ba, domin a shekara ashirin da bakwai ba a taɓa jin ya bar kayan mutane a hanya ba.

Na'urar tana nan a zauren, Hamsatu ta rufe ta da zane. Buhun kuwa ta mayar da shi jikin jarka, in na je gaisuwa daga cikinta take ɗebo mini ruwa. Allah ya sa ya sauka lafiya a masauki mafi kyau, ya gafarta masa.