Abin da Muka Ciro Daga Cikin Akuyar Inna Saude

Har yau ranar da Inna Saude ta shigo mana ofis janye da akuyarta ba ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai, wannan zan ba ku, musamman ku da aka ɗauka aiki bana.

A lokacin ina malamin dabbobi a wani gari tsakanin Daura da Mai'adua, 'yan shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ga wanda bai san tsarin aikinmu ba, malamin dabbobi yana yin allurar rigakafi, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya wanke rauni ya ɗaure. Amma buɗe cikin dabba aikin likita ne, likitanmu kuwa a Daura yake zaune, sai an je an ɗauko shi.

Ranar Laraba ce da hantsi, ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobi suka koma bin bola. Inna Saude tsohuwa ce mai sayar da kayan miya a bakin kasuwa, kowa ya san ta. Ta zo da goyo a baya, igiya a hannu. Akuyar ja ce, ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, amma cikin ya yi tulu.

Na rubuta ta a rajista, na auna zafin jikin akuyar, babu zazzaɓi. Na tambaya ko tana tuƙa, Inna ta ce kwana biyar ke nan ba ta ga bakinta ya motsa ba. Da na danna cikin ta gefen hagu, sai na ji abu dunƙule, mai tauri, ba ya lotsawa kamar yadda abinci ke yi. Na san abin. Mun saba ganinsa a mayanka.

Na ce, "Inna, leda ce ta cika mata tumbi. Shawarata, a kira mahauci tun tana da rai, kada ta zama mushe."

Haka muke faɗa wa kowa, kuma ba ƙarya ba ne. Sai ta kwance zanin goyonta, ta juyo da yarinyar gaba. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi wata bakwai ba, tana tsotson yatsa.

Ta ce, "Ɗan nan, ka ga Ummi? 'Yar ɗiyata ce. Uwarta ta rasu ta bar min ita tana wata huɗu. Kunu ba ya zama a cikinta. Nonon akuyar nan nake dafa mata, shi kaɗai ta yarda da shi. Yanzu in na tatsa ko rabin moɗa ba na samu. In an yanka ta, me zan ba ta?"

Kunya ta kama ni. Na duba akuya daga baki har kofato, ban tambayi me take yi wa gidan ba.

Na ce ta koma gida, ta ɗaure akuyar a inuwa, kada ta ba ta komai sai ruwa. Na rufe ofis, na hau babur na nufi Daura. Na iske likita yana shirin fita duba shanu wajen Mashi. Mutum ne mai faɗa, ba ya son a katse masa tsari.

Ya ce, "Saboda akuya ɗaya ka baro ofis ka biyo ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akuyar ce ke shayar da marainiya."

Ya dube ni, ya sa na maimaita masa abin da na ji a cikinta. Sai ya ce, "Gobe bayan sallar asuba. Ka tafasa ruwa, ka nemo tebur mai tsabta. Kuma ka faɗa mata gaskiya, tana iya mutuwa a hannunmu."

Na faɗa mata. Ta ce, "Ku yi abin da za ku iya, saura na Allah ne."

Washegari a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta bayan ofis muka yi aikin. Na aske gefen hagu na akuyar, na wanke da magani, likita ya yi mata allurar kashe zafi. Ya tsaga fata, ya kai ga tumbi, ya buɗe, ya sa hannu. Abin da ya fara fitowa kamar igiya ne baƙi, a murɗe. Yana ja, yana fitowa, ina tarawa a bokiti. Baƙar leda ce, da fara, da ta ruwan sha, sun cure wuri guda. Sai da bokitin ya kusa cika sannan ya ce shi ke nan, ya hau ɗinki.

Inna tana zaune nesa kaɗan tana jan carbi. Da muka gama ta matso ta leƙa bokitin. Na ce ta matsa, akwai wari. Ba ta ji ni ba. Ta ɗauki tsinke ta tono wata 'yar farar leda da ƙullinta bai kwance ba, ta ɗaga ta.

Ta ce, "Wannan ƙullina ne. Haka nake ƙulla gishiri. Babu mai irin wannan ƙulli a kasuwar nan sai ni."

Likita, wanda ban taɓa jin ya sassauta murya ba, ya ce, "Inna, ba ke kaɗai ba ce. Ɗanɗanon gishiri da mai suke bi, su haɗiye har da ledar."

Ta ce, "Na ji, likita. Amma dai da hannuna na ƙulla."

Ƙa'ida ce bayan irin wannan aiki malamin dabbobi ya riƙa zuwa kullum yana yin allura, yana duba ɗinki, har mako guda. Da na ba maiɗakina labari, ta ce akuyarmu ai ta haihu, me za a jira? Don haka kowace safiya nakan tafi wa Ummi da nonon akuyarmu a kwalba, da magani a baƙar leda rataye a hannun babur.

A kwana na uku na iske akuyar ta miƙe tana tsinkar harawa. Inna kuwa tana zaune a tabarma da tsofaffin buhunan shinkafa da ta wanke, tana yanka su tana ɗinka jakunkuna da basilla, ta yi wa kowace hannu biyu. Gefe ga kaba ta jiƙa za ta saƙa sanho, irin wanda iyayenmu ke zuwa cefane da shi kafin leda ta zo.

Ta ce daga yau ta daina zuba wa mutane kaya a leda. Wanda ya zo da kwano ko kwarya, ta zuba masa. Wanda ya zo hannu rabbana, ta ara masa jaka, gobe ya dawo da ita. Gishiri da daddawa kuwa a takarda za ta ƙunshe.

Na ce, "Inna, masu saye za su gudu wurin maƙwabtanki."

Ta ce, "Wasu za su gudu. Su ma suna da awaki, za su dawo."

Na durƙusa na yi allura, na zazzage sauran maganin, na yar da ledar a gindin katanga ba tare da na ma lura ba. Ta tashi a hankali, da ciwon gwiwarta, ta je ta ɗauko ta. Ba ta yi min faɗa ba. Ta zaɓo jaka ɗaya cikin waɗanda ta ɗinka, wadda ta fi kyan hannu, ta zuba min kayan allurata a ciki, ta rataya min a kafaɗa kamar mai shirya ɗa zuwa makaranta.

Ta ce, "Kai da ka ga abin da idonka, ɗan nan."

Na ce, "Na gode, Inna."

Akuyar ta warke. Muka cire zare a kwana na goma, nono ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan har Inna ta aiko a ce wa maiɗakina ta huta, Allah ya saka. Kasuwarta ta yi sanyi na wani lokaci, ba zan ɓoye muku ba. Wasu sun tafi da jakarta ba su dawo da ita ba, ta ɗinka wasu. Ita ce kuma ta je wa liman da kanta ta ba shi labari, wata Juma'a ya yi magana a kan haƙƙin dabbobi a wuyan masu su, ya kawo zancen leda. Daga nan na fara ganin magidanta a layinta riƙe da sanho, suna ɗan jin kunya da farko. Leda ba ta ƙare a garin ba, har yau tana nan maƙale a ƙaya. Amma ni daga ranar ban sake miƙa wa kowa magani a cikinta ba.

Abin da na koya shi ne, na yi shekaru ina tsayawa a kasuwar dabbobi ina cewa a kula da leda, ba wanda ya saurare ni, domin ina faɗa ne da ita a hannuna. Mutanenmu ba taurin kai gare su ba. Ba bakin ma'aikaci suke kallo ba, hannunsa suke kallo. To, gobe in za ku fita zagaye, kafin ku tayar da babur, kowa ya duba abin da ya rataya a hannun babur ɗinsa.